Tambayoyin Masu Karatu: Sauke Tsohuwar Mustang

Tambaya: Malam, a birnin Houston na Amurka nake zaune. Na sayi Ford Mustang ƙirar 1969, ina so in sauke ta ƙasa don kyau. A ina zan tsaya?

Amsa: Ɗan'uwa, ni dai ba na yarda a gaza inci 4 tsakanin ƙarƙashin mota da kwalta. Ka auna daga abin da ya fi yin ƙasa, galibi bututun salansa ko kaskon baƙin mai. In kaskon ya fashe a tudun titi, inji ya tafi. Sace iskar taya ɗaya ka leƙa: idan wani ƙarfe ya riga rim taɓa ƙasa, to saukewar ta yi yawa. Don Allah kada bakanike ya gasa maka sufirin (ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi) da wuta don motar ta sauka, ƙarfen lalacewa yake. Sayi gajerun da aka ƙera domin haka.