Tsohon ogan (kayan kiɗa mai bututu) na cocinmu a Ingila yana yoyon iska, mu gyara da kanmu?

Ɗan'uwa, ka ce ogan ɗinku na zamanin Sarauniya Biktoriya yana huci, wasu bututun sun yi shiru. Yawanci na'urar ɗumama coci ce ke jawo haka: tana busar da katako ya tsage, fatar zugazugin ta bushe kamar ƙilishi. Ku fara rage zafin.

Don Allah kada ku liƙe da gam ɗin zamani, kada kuma ku goge bututun don su yi ƙyalli. Akwai darma a ƙarfensu, yatsa ma lotsa shi yake yi.

Ku nemi ogan ɗin a rajistar BIOS, ƙungiyar nazarin ogan ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1976. In cocin Angilikan ne, ba a gyara sai da izinin dayosis (hukumar cocin yankinku), kuma suna da mai ba da shawara kan ogan. Shi zai haɗa ku da ƙwararren magyari.