Amsa ga mai tambaya kan karatun antropoloji: tsadarsa da amfaninsa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka: ɗiyarka ta nace sai antropoloji, wato nazarin ɗan Adam da al'adunsa, kai kuma kana shawarar sayar da gonarka ta wajen Mashi ka tura ta Ingila. Fannin da na karanta ke nan, da shi nake ci da iyalina yau shekara 12.

Don Allah kada ka sayar da gonar nan saboda digirin farko. A Ingila shekara 3 ne, amma da fam za ka biya, ga haya ga abinci, kuma ka ga yadda naira ta faɗi tun 2023. Abin da za a koya mata a aji, akwai shi a nan gida. Jami'ar Maiduguri na da sashen da ya haɗa ilimin zamantakewa da antropoloji, haka ma Nsukka. A Ibadan kuma an haɗa shi da ilimin tono kayan tarihi. In kana son ta zauna kusa da kai, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta tarayya da ke Dutsin-Ma duk suna koyar da ilimin zamantakewa, shi kuwa da antropoloji Danjuma ne da Danjummai.

Sai dai kada ka tsaya kan kuɗin rajista kawai. Ni da na yi karatu nesa da gida, kuɗin mota da ɗaki da cefane sun fi rajista cin aljihun mahaifina. Ka lissafa da yajin aikin malaman jami'a: na 2022 wata 8 ya ɗauka, haya kuwa ba ta tsayawa. Tun 2024 akwai bashin ɗalibai na NELFUND ga masu karatu a jami'o'in gwamnati, ka bincika.

Batun aiki kuwa, ba zan ɓoye maka ba, takardar kaɗai ba ta ba da abinci. Aikin gidan tarihi, irin namu na tsohuwar Kwalejin Katsina, gurabensa kaɗan ne. Abin da ya buɗe mini ƙofa shi ne iya zama da mutane. Tun bayan da aka ƙi rigakafin shan inna a Arewa a 2003, masu aikin lafiya suka gane cewa magani bai isa ba, sai an san abin da ke zukatan jama'a. Suna neman wanda zai zauna kan tabarma ya saurari unguwarzoma da mai unguwa, sannan ya rubuta rahoto mai ma'ana da Turanci. A nan mace ta fi mu dama, domin tana shiga cikin gida inda ni sai dai in tsaya a zaure. Hausarta ma jari ce. Baƙin masana antropoloji irin su M.G. Smith sai da suka ƙetaro teku kafin su rubuta tarihin sarautar Daura, ita kuwa ga Kusugu da Durɓi ta Kusheyi a bayan ɗakinta.

In ta fito da sakamako mai kyau, sai ta nemi digiri na biyu a waje da tallafi. Chevening, shirin tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, na biyan karatun shekara 1 a Ingila, amma sai ta yi aikin shekara 2 tukuna.

Kafin ka biya ko sisi, ka gwada ta a hutun nan. Ka ba ta littafi da biro, ta je wurin kakarta ta yi mako 2 tana rubuta yadda ake aure da suna a zamaninsu. In ta dawo littafin a cike, tana ta ƙorafin lokaci bai ishe ta ba, to ka cika mata JAMB da zuciya ɗaya.