Tambaya da Amsa: Kwamfutarmu iri ɗaya, me ya sa makinsa ya wuce nawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni da abokina tare muka haɗa kwamfutar gem, katin girafik ɗinmu RTX 3060 ne duka, firosesa ma iri ɗaya, amma da muka yi gwajin Time Spy na 3DMark, manhajar da ke auna ƙarfin kwamfuta ta ba da maki, makinsa ya bar nawa da nisa, kuma hoton allo kawai ya turo min, da na tambaye shi ya aka yi sai ya ce wai sirri ne. Wani ya ce min obakilok ya yi kuma ha'inci ne. Don Allah mene ne gaskiyar abin? Daga wani makaranci a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Obakilok dai, wato ka ƙara wa firosesa ko kati gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi, ba ha'inci ba ne ko kaɗan, ai shi ne ma ginshiƙin wasan. A HWBOT, shafin intanet ɗin da masu wannan harka na duniya suke ajiye tarihin makinsu, har ruwan naitirojin suke zubawa, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, kuma babu mai kiransu macuta, saboda dole mutum ya faɗi da me ya sanyaya injin, ya kuma nuna bayanan CPU-Z, manhajar da ke nuna irin firosesa da gudunta, a cikin hoton sakamakon. Abin da ya dame ni a maganarka shi ne kalmar nan da ya faɗa, sirri. Wanda ya sha wahala ya samu maki da guminsa yawanci har ya gundure ka da bayanin yadda ya yi.

Cuta tana farawa ne a inda injin bai yi dukkan aikin da gwajin ya ɗora masa ba amma aka karɓi cikakken maki. Mutum zai shiga saitin direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya rage kyan hoto ƙarfi da yaji, ko ya kashe wani sashe na lissafin zane, katin ya samu sauƙi maki ya tashi, ko kuma kawai ya gyara lambar a jikin hoton, wanda yaro ma zai iya yi da waya. Akwai kuma ta agogo. A 2013 HWBOT ta daina karɓar sakamakon da aka yi a Windows 8, don an gano in ka rage gudun injin daga cikin Windows agogon kwamfutar ma sai ya riƙa jinkiri, sai gwajin ya ɗauka an gama aiki da wuri alhali agogon ne ya yi ƙarya.

Kuma wallahi manyan kamfanonin ne suka koya wa yara wannan hali. A 2001 an kama direban kamfanin ATI na katin Radeon 8500 yana gane gem ɗin Quake 3 ta sunan fayil yana rage kyan hoto, da masu bincike suka canza sunan zuwa quack sai gudun ya sauka. A 2003 Futuremark, masu 3DMark a lokacin, suka ce direban Nvidia yana gane 3DMark03 yana tsallake aiki, da suka toshe hanyar makin GeForce FX 5900 Ultra ya faɗi da kusan kashi 24 cikin ɗari. Abin yana min ciwo sosai, domin talakan da ya tara kuɗinsa wata da watanni da waɗannan lambobin yake yanke shawarar abin da zai saya.

Amma fa kar ka yi saurin ɗora wa abokinka laifi, zato zunubi ne. RTX 3060 kanta kala biyu ce, mai 12GB da mai 8GB da ta fito a ƙarshen 2022, kuma ta biyun ba ta kai ta farko gudu ba. Sannan zafi, katin zamani da kansa yake rage gudu in ya ɗau zafi, wanda ya yi gwaji a ɗaki mai AC da wanda ya yi da rana tsaka a watan Afrilu ba za su zo ɗaya ba, balle in naka tokumbo ne man sanyayawarsa ya bushe. Duba RAM ɗinka ma, sanda ɗaya ce ko biyu, ka kunna XMP, saitin da ke sa RAM ta yi cikakken gudunta, a BIOS, wato shafin saitin kwamfuta na farkon kunnawa, ko ba ka kunna ba. Time Spy yana ba da makin girafik daban na firosesa daban, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya za ka ga inda tazarar take. Sai ka ce masa cikin raha ya turo maka adireshin sakamakon na 3DMark maimakon hoto, a nan za ka ga gudun katin da direban da ya yi amfani da shi, da kuma ko an amince da sakamakon ko an ƙi.

Tambaya: Malam ina wuni. Nakan maimaita gwaji sau da yawa in ɗauki mafi girma in nuna, hakan ƙarya ce? Daga wata makaranciya a Maraɗi.

Amsa: Lafiya lau ƴar'uwa. In gasa ce babu komai, kowa mafi kyawun nasa yake kawowa kuma kowa ya san haka. Amma in sayar da kwamfutar za ki yi, ko wani ya nemi shawararki kafin ya kashe kuɗinsa, to makin da ya fito sau ɗaya da asuba injin yana sanyi ba shi ne zai samu a gidansa ba, ki faɗa masa matsakaicin. Ki kuma yi masa gwajin juriya na 3DMark a gabansa, wanda yake maimaita aikin sau 20 a jere, sai daidaiton gudun ya kai kashi 97 cikin ɗari sannan ake cewa injin ya ci.