Kyautar Ewald: wane aiki ake yi a ilimin kiristal har a samu lambar yabo?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Nima, ina shekara ta biyu a sashen ilimin sinadarai. Malaminmu ya ambaci wata kyauta ta duniya da ake ba masana kiristal. Wace kyauta ce, wane aiki ake yi a cancance ta, kuma mu da ke Gana ta ina za mu shiga wannan fage?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Manyan kyaututtukan fagen biyu ne. Ta farko ita ce Kyautar Ewald, wadda Ƙungiyar Masana Kiristal ta Duniya, IUCr, take bayarwa duk shekara uku a babban taronta. An fara ta a 1987, inda John Cowley da Alexander Moodie suka karɓa. Ta biyu ita ce Kyautar Gregori Aminoff ta Cibiyar Kimiyya ta Masarautar Suwidin, wadda aka fara a 1979, kuma Paul Ewald, masanin da kyautar farko take ɗauke da sunansa, shi ne ya fara karɓarta. Dan Shechtman ya samu ta Aminoff a 2000, Nobel ta biyo baya a 2011.

Kiristal shi ne duk abin da ƙwayoyin zarrarsa suka jeru bisa tsari ɗaya mai maimaituwa: gishirin Ada, sukari, daimon ɗin Akwatia. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin ta yi ƙanƙanta ƙwarai. A gishiri, daga sodiyam zuwa kilorin angistirom 2.82 ne, shi kuwa angistirom kashi ɗaya ne cikin miliyan goma na milimita. Madubin ƙara girma na ɗakin gwaji ba ya ganin wannan, domin zangon hasken da ido ke gani ya fi tazarar sau dubbai. Hasken eksire ne daidai da ita: wanda ake samu daga tagulla yana da zangon angistirom 1.54, na molibdinam kuma 0.71. A 1912 a birnin Munich na Jamus, bayan wata tattaunawa da Ewald kan aikin digirinsa, Max von Laue ya sa aka haska eksire a kan kiristal, sai ga ɗigo-ɗigo a jere a kan farantin ɗaukar hoto. William Bragg da ɗansa Lawrence suka nuna yadda ake karanta ɗigon, suka samu Nobel a 1915, ɗan yana da shekara 25.

Ga inda gizo ke saƙa. Na'ura tana auna wurin kowane ɗigo da ƙarfinsa, amma ba ta kama matakin da igiyar hasken take kai lokacin da ta iso. Kamar a gaya miki ƙarfin kowace ganga ne, a ɓoye miki lokacin da aka buga ta, sannan a ce ki faɗi wane kiɗa ne. In babu wannan rabin bayanin, ba za a iya zana taswirar ƙwayoyin ba. Ki duba sunayen da suka ci Kyautar Ewald, za ki ga da yawansu wannan matsala suka yi ta fama da ita. David Sayre, wanda ya karɓa a 2008, da Michael Woolfson a 2002, sun gina hanyoyin lissafi da ke zaƙulo ɓoyayyen matakin daga ƙarfin ɗigon kansa. Michael Rossmann, 1996, ya nuna yadda ake aron tsarin furotin da aka riga aka sani a warware na makamancinsa, kuma a 1985 ya fito da tsarin ƙwayar cutar mura. Wayne Hendrickson, 2023, ya sa sinadarin seleniyam a gurbin farar wuta cikin furotin don ya zama alama. George Sheldrick, ɗaya daga cikin mutum uku na 2011, shi ya rubuta manhajar SHELX ta warware tsarin kiristal, wadda ɗalibai ke aiki da ita har gobe. Olga Kennard kuwa rumbun ajiyar bayanan tsarin kiristal ta kafa a Kambirij a 1965, wanda a 2019 ya haura tsari miliyan ɗaya. A ganina wannan ne ya sa kyautar take da daraja: ana girmama wanda ya ƙera wa sauran jama'a kayan aiki.

Gana ma tana cikin labarin. Dorothy Hodgkin, wadda ta warware tsarin penisilin da bitamin B12, daga baya kuma insulin a 1969, tana Gana lokacin da labarin Nobel ɗinta ya iso a 1964, domin mijinta Thomas shi ke shugabantar Cibiyar Nazarin Afirka a Legon. A 2019 kuma Akra ta karɓi baƙuncin taron masana kiristal na Afirka karo na biyu.

Mashigarki ita ce renon kiristal, domin komai tsadar na'ura, mummunan kiristal ba ya ba da amsa. Fara da alif. Ki narkar da giram 30 cikin mililita 100 na tataccen ruwa mai zafi, ki tace, ki rufe da takarda, ki bari ya huce da kansa. Kashegari za ki ga 'ya'yan kiristal a gindin kwalba. Zaɓi ɗaya mai haske, mai fuska takwas, ki ɗaure da zaren nailan, ki rataye shi cikin ruwan da kika tsiyaye. In ya narke, ruwan bai ƙoshi da alif ba, ko kuma ɗakin ya yi zafi da rana. In kika samu tarin ƙanana kamar yashi, ya huce da sauri ne, ko ƙurar hunturu ta faɗa ciki, domin kowace ƙwayar ƙura tushen sabon kiristal ce. Da damina, danshin Akra yana rage tashin tururi, saboda haka sai haƙuri. Kada ki riƙa ɗaga kwalbar kina dubawa, girgiza tana haifar da tagwaye, wato kiristal biyu da suka shiga juna, ɗigonsu ya hau kan juna.

Ga sinadarin da kika haɗa a ɗakin gwaji, miligiram 5 zuwa 10 sun isa. Ki narkar a 'yar kwalba buɗaɗɗiya, ki ajiye ta cikin babba mai ɗauke da wani ruwan da sinadarin ba ya narkewa a ciki, misali heksen, ki toshe babbar. Tururin zai riƙa shiga a hankali cikin 'yan kwanaki. Girman da ake nema milimita 0.1 zuwa 0.3 ne, marar tsaga. In za a aika shi wata jami'a don aunawa, a bar shi cikin ruwan da ya girma a ciki, domin wasu kiristal suna riƙe ruwan a jikinsu, da sun bushe sai su farfashe su zama gari kafin su isa na'ura.