Yaya Zan Koya Wa Yara Baƙin Rami Ta Hanyar Wasa?

Tambaya: Ni malamar firamare ce, aji biyar nake koyarwa. Ɗalibaina sun ga hoton baƙin ramin nan na sararin samaniya (wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ba ya kuɓuta) mai kama da zoben wuta, sun dame ni da tambayar yadda aka ɗauki hoton abin da ba ya fitar da haske. Akwai wasan da zai sa su gane ba tare da kayan tsada ba?

Amsa: Akwai, Malama, kuma kayan duk suna kasuwa.

Ki nemi yadi mai talewa, irin na rigar ƙwallo, mita ɗaya da rabi kowane gefe. Atamfa ba za ta yi ba, domin ba ta lotsawa. Yara takwas su kewaye yadin su ja shi ya miƙe daidai ƙugunsu, ki ɗora dutse mai nauyin kilo ɗaya a tsakiya, ki zagaye shi da alli. Sai a gara ƙwallayen boris na keke daga baki, a karkace, kada a nufi dutsen kai tsaye. Ƙwallon da ke nesa zai kewaya a hankali, na kusa kuwa ya dinga gudu. Lotsawar nan ita ce misalin yadda abu mai nauyi ke lanƙwasa sarari, zanen allin kuma shi ne iyakar da ko haske ya tsallaka ta ba ya dawowa. Don su ji irin matsewar da abu ke yi kafin ya zama baƙin rami, ki gaya musu da za a dunƙule duniyarmu ta zama baƙin rami, faɗinta ba zai kai santimita 2 ba.

A nan ake yawan kuskure. Ƙwallayen duk za su ƙare a gindin dutsen, sai yara su ɗauka baƙin rami zuƙe komai yake yi. Gogar yadi ce ke rage musu gudu, a sararin samaniya kuwa babu wannan gogar. Da za a musanya Rana da baƙin rami mai nauyinta, duniya za ta ci gaba da kewayawa a hanyarta, sai dai duhu da sanyi. Kada a tashi daga darasin ba ki faɗi wannan ba.

Batun hoto kuma, ki fara da rimot na talabijin. A danna shi a gaban kyamarar waya, yara za su ga ƙyallin da idonsu bai gani ba (idan kyamarar baya ta ƙi, a gwada ta gaba). Igiyoyin rediyo ma haske ne irin wanda ido ba ya kamawa, ba sauti ba ne, kuma da su aka ɗauki hoton. Iskar gas mai tsananin zafi da ke kewaye ramin ce ke fitar da su, ita ce zoben, duhun tsakiya kuma inuwar ramin.

Daga nan a ɗaure wa yaro ɗaya ido, wani ya tafa daga nisan taku goma, wanda aka ɗaure wa idon ya nuna inda tafin ya fito. A toshe masa kunne ɗaya a sake, za ki ga ya fara kuskure, domin sauti kan riga isa kunne ɗaya kafin ɗayan, kuma da wannan tazarar ƙwaƙwalwa ke gane wuri. A yi shi a fili, a cikin aji amsa-kuwwar bango na ɓata shi.

Da irin wannan dabarar masanan shirin da ake kira Event Horizon Telescope suka haɗa madubin hangen nesa na rediyo guda takwas a Afrilun 2017, daga Cile da Hawai da Sifen har ƙarshen kudancin duniya, kowanne da agogon atom, wato agogo mai tsananin daidaito, mai rubuta lokacin isowar igiyar. Da jiragen sama aka kwaso bayanan, kwamfuta ta daidaita su, aka fitar da hoton ranar 10 ga Afrilu, 2019. Ramin yana tsakiyar garken taurari na M87, ya ninka Rana nauyi sau biliyan 6.5, kuma hasken da aka kama ya yi shekara miliyan 55 a hanya.