Kagoro: garin da ke gindin dutse

Tambaya: Malam, ni malamar sakandare ce a Tudun Wada, Kaduna. Muna son kai ɗalibai ziyara Kagoro. Mene ne tarihin garin, me za su gani, kuma akwai asibiti da masauki kusa?

Amsa: Malama, kin zaɓi wuri mai kyau. Kagoro na cikin ƙaramar hukumar Kaura, kusa da Kafanchan. Daga Kaduna za ku bi ta Kachia da Zonkwa. Masu garin suna kiransa Gworok, harshensu ɗan'uwan Tyap ne na Katafawa, amma da Hausa za ki yi cinikinki a kasuwa ba tare da tafinta ba.

Tarihin garin a jikin dutsen yake. Kakanninsu a kansa da cikin kogunansa suka zauna, saboda doki ba ya iya hawa, mahara kuma sai su yi ta kewaye a ƙasa su gaji su koma. Shi ya sa Kagoro ba ta shiga ƙarƙashin Zazzau ko Jama'a ba, har Turawa suka zo a farkon ƙarni na 20. Da hankali ya kwanta ne aka yi ta saukowa kwari, inda gonaki da ruwa suke. Sarkin da aka fi tunawa da shi shi ne Gwamna Awan (Gwamna sunansa ne, ba muƙami ba), wanda ya yi mulki daga 1945 zuwa 2008. Ki sa ɗalibanki su yi lissafin da kansu: shekara 63 ke nan a kan karaga.

Kowace ranar 1 ga Janairu ana bikin Afan, wato bikin dutse, wanda asalinsa na gama girbi ne da buɗe farauta. Maharba kan fito da kwari da baka, ana busa ƙaho, ƙura na tashi. Sai dai cunkoson ranar ya fi ƙarfin malama ɗaya da yara talatin.

Hawan dutsen ya fi daɗi da rani, da sassafe kafin rana ta yi zafi. Ku fara gaisuwa a fada, a haɗa ku da ɗan gari mai nuna hanya. Takalmin roba mai santsi a bar shi gida. Na ga wanda ya sauko da nasa a hannu. Daga sama za ku hango kwarin shimfiɗe, rufin kwano na ƙyalli tsakanin itatuwa. Ruwan Matsirga kuwa, a wajen Madakiya kusa da Kafanchan, da damina yake cika, yana zubowa daga kan dutse da ƙarar da sai kin ɗaga murya za a ji ki. Tafiya ɗaya ba za ta ba ku duka biyun a kan ganiyarsu ba. Ni dai da yara, zan zaɓi Oktoba: ruwa bai janye ba, hanya ta fara bushewa.

A garin akwai tsohuwar makarantar tauhidi ta cocin ECWA, gadon 'yan mishan. Babban asibitin gwamnati, wanda aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, yana Kafanchan, nan ne kuma masauki ya fi samuwa, ga tsohuwar mahaɗar jirgin ƙasa da yara za su leƙa. Ku yi tafiyar da rana, kuma ki tuntuɓi mutanen can kan halin hanya kafin ku ɗauki shatar mota.