Tambayoyin Masu Karatu: Yadda Gajeren Labarin Al'ajabi Ke Kaiwa Ga Lambar Yabo

Wata marubuciya daga Zariya: Na saba da gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, inda ake tura labari alƙalai su tantance. Sai na ji wai akwai lambobin yabo na labaran kimiyya da na al'ajabi waɗanda marubuci ba ya tura musu komai. To ta ina labari yake shiga?

Amsa: Abin da kika ji haka yake, Malama. A irin waɗannan lambobi ba a neman shiga. Sai labari ya riga ya fito a mujalla ko a littafi, sannan waɗanda suka karanta shi su gabatar da sunansa. Lambar Nebula ita ce misali mafi kusa. Ƙungiyar marubutan wannan fanni ta SFWA, wadda aka kafa a Amurka a 1965, ita ke bayar da ita tun 1966, kuma 'yan ƙungiyar ne kaɗai ke zaɓe. Yawanci ana buɗe ƙofar gabatarwa daga ƙarshen shekara zuwa farkon mai zuwa. Kowane mamba yana iya rubuta har labarai biyar a kowane rukuni, shida da suka fi samun masu ambato su fito zagayen ƙarshe, sannan a sake kaɗa ƙuri'a. Ba a yarda mutum ya gabatar da nasa ba. Tsarin ya yi kama da zaɓen fid da gwani: wanda bai tsallake matakin farko ba, ba za a ga sunansa a takardar ƙuri'a ba komai kyansa.

Lambar Hugo, wadda aka fara a 1953, ta fi faɗi, domin duk wanda ya yi rajistar Worldcon, babban taron masoya labaran kimiyya na duniya, yana da ƙuri'a, marubuci ne ko mai karatu. Tamu ta Afirka kuwa ita ce Nommo, ta ASFS, ƙungiyar marubutan wannan fanni ta Afirka. An fara bayar da ita a 2017 a bikin littattafai na Ake a Abeokuta, kuma sunan ya fito ne daga al'adun Dogon na ƙasar Mali.

Wani malamin makaranta daga Maraɗi: Idan labari ya burge ni, mene ne takamaiman abin da zan yi don ya samu shiga?

Amsa: Malam, fara da littafin ajiya. Duk labarin da ya kama ka, rubuta abu huɗu nan take: sunan labarin, sunan marubucin, mujallar da ta buga shi, da watan da ya fara fitowa. Dalili shi ne ana gabatarwa ne a ƙarshen shekara ko farkon mai zuwa, lokacin da an manta da abin da ya fito a Janairu ko Maris, sai labaran Oktoba da Nuwamba su ci ribar sabunta. Gajeren labari ya fi littafi shiga wannan haɗari, tunda ba ya zaune a kanta ana ganin bangonsa.

Sai ka duba abu biyu da suke lalata ƙuri'a. Na farko shekara: abin da ake lissafi shi ne ranar bugun farko, saboda haka labarin da aka sake bugawa bana alhali ya fara fitowa shekaru uku da suka wuce bai cancanta ba. Na biyu tsawo. A Nebula da Hugo, gajeren labari shi ne wanda bai kai kalmomi 7,500 ba. Daga nan zuwa 17,500 rukuni ne daban, daga 17,500 zuwa 40,000 wani rukunin, abin da ya haura haka littafi ne. Idan masoyan labari ɗaya suka rarrabu, wasu suka sa shi a wannan rukuni wasu a wancan, sun jefa shi cikin wani hali, sai yadda masu lissafi suka yi da shi.

In ba ka da ƙuri'a, aikinka bai ƙare ba. Rubuta sharhi na layi biyar ko shida, ka faɗi abin da labarin ya yi da babu wanda ya yi, ka haɗa da adireshin da za a karanta shi. Mambobi ba sa iya bin ɗaruruwan labaran da ke fitowa, da irin wannan nuni suke gano abin karantawa. Kuma ka sayi mujallar in da hali, domin Nebula da Hugo ba sa zuwa da kuɗi. Mujalla ce ke biyan marubuci.

Wani matashi daga Kano: Muna da zauren marubuta a WhatsApp. Laifi ne mu haɗa baki mu duka mu zaɓi labaran junanmu?

Amsa: Laifi ne, ɗan'uwa, kuma an ga ƙarshensa. A 2015 wasu gungu biyu suka fitar da jerin sunaye suka ce magoya bayansu su kwafa yadda yake a takardar Hugo. Da yake ƙuri'un sauran jama'a sun warwatsu a kan labarai masu yawa, 'yan tsiraru masu baki ɗaya suka mamaye gurabe. Da aka zo zagayen ƙarshe, masu zaɓe suka fusata suka zaɓi kada a ba kowa a rukuni biyar, har da na gajeren labari. Shekarar ta tafi a banza ga waɗanda aka ture, yawancin waɗanda aka cusa kuma ba su fita da komai ba sai tabo.

Daga 2017 aka canja lissafin Hugo. Yanzu kowace takarda maki ɗaya gare ta, a raba shi tsakanin sunayen da ke kanta, ana fitar da masu rauni ɗaya bayan ɗaya. Takardu ɗari masu jeri iri ɗaya ba sa iya cinye gurabe duka kamar da. A 2024 ma masu shirya taron Glasgow sun soke ƙuri'u 377 da suka gano na bogi ne.

Abin da ya halatta ga zaurenku shi ne ku riƙa karanta wa juna, kowa ya kawo abin da ya gani, kowa ya zaɓi abin da zuciyarsa ta yarda da shi. Haka nan babu kunya marubuci ya sanar a ƙarshen shekara cewa ga abin da ya buga, ga tsawonsa, ga inda yake. “Ka zaɓe ni in zaɓe ka” ne abin gudu.

Wata ɗaliba daga Kumasi: Labarin da aka rubuta da Hausa yana da rabo a nan kuwa?

Amsa: Nebula sai abin da ya fito da Turanci. Hugo ba ta ware harshe ba, amma masu ƙuri'a ba za su ambaci abin da ba su iya karantawa ba, don haka hanyar ita ce fassara. Dokar Hugo tana sake ba labari dama a shekarar da fassararsa ta Turanci ta fara fitowa, kuma an ci ta haka: a 2015 da labarin da aka fassaro daga harshen Holan, a 2016 da wanda aka fassaro daga Sinanci. Zama a Najeriya ma bai hana ba, tunda Oghenechovwe Donald Ekpeki ya karɓi Nebula a 2022 a rukunin matsakaicin labari, wato mai kalmomi 7,500 zuwa 17,500.

Ki nemi mai fassara wanda ya san adabi, ku rubuta yarjejeniya a kan haƙƙin mallaka da rabon kuɗi, kuma sunansa ya fito tare da naki. Kada ki sa fassarar a Facebook kafin ki tura wa edita, domin yawancin mujallu suna ɗaukar hakan a matsayin bugun farko, su ƙi karɓa. Mujallar Omenana, wadda 'yan Najeriya suka kafa a 2014 don irin waɗannan labarai, wuri ne da ya dace ki fara karanta ƙa'idojinsa kafin ki tura.